Yadda za ka riƙe ƙungiyar kai abinci gidajen waɗanda ba sa iya fita a Damagaram

Wani ƙanena ya kira ni wai shi da abokansa sun haɗa kuɗi za su fara kai wa tsofaffi da marasa lafiya abinci har gida, kuma shi suka ɗora a gaba, wai in faɗa masa ta ina zai fara tunda na ɗan daɗe ina wannan wahala. Na ce masa kafin ka sayi tukunya ko ɗaya ka zauna ka lissafa gida nawa za ka iya ciyarwa a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa hatsi ya yi tsada kowa na ta kansa, wannan adadin shi ne girman ƙungiyarku. Kar ka yi lissafi da watan azumi. Da azumi kowa mai kyauta ne, ɗan kasuwa zai aiko buhun shinkafa ba ka ma roƙa ba, 'yan uwa na Libiya da Aljeriya za su turo kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, kai kuma sai kanka ya kumbura ka rubuta gida 80, bayan sallah da sati biyu ka waiga ba kowa. Mu haka muka yi a farko, kuma wallahi har yau ina jin kunyar tsohuwar da ta riƙa shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki tana jiranmu kwana huɗu ba mu zo ba. Gara gida 15 kullum ba fashi.

To su wa za a kai wa? Nan ne rigima take. In ka ce kowa ya kawo suna to ka shiga uku, kowa na da gwaggo. Ka je wurin mai unguwa da limamin masallacin unguwar, sannan ka haɗa da matan unguwa musamman ungozoma, don su ne ke shiga ɗaki su san wadda ta shanye ɓarin jiki, da makahon da jikansa ya tafi Agadas neman kuɗi, da wadda ta kwana biyu ba a ga hayaƙi a murhunta ba. Masu tsananin buƙata yawanci ba sa magana, mutumin Birni mai mutunci zai kwana da yunwa ya sa rigarsa mai guga ba za ka taɓa ganewa ba. Duk sunan da aka ba ka ka taka da ƙafarka ka gani. Kuma ka fara da unguwa ɗaya ko biyu masu maƙwabtaka, kar ka ce yau Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara duk a rana guda, esansi kaɗai zai cinye ku.

Maganar shiga gida kuwa kar ka yi wasa da ita. Gidan da mace ce a kwance mace za ta shiga, matashi mai moto ya tsaya a zaure ya yi sallama. A gaida mutum yadda ya kamata, Baba ina wuni, Inna ya jiki, a durƙusa, a ɗan zauna ko minti biyar ne. Wasunsu abincin ma bai dame su kamar hirar ba. Hoto kuma ni dai na hana, duk wanda zai ɗauki tsohuwa da kwano a hannu ya sa a Facebook ya nemi wata ƙungiya. Masu ba da kuɗi in suna son shaida a nuna musu tukunya da kaye, wato littafin lissafi, da rasit.

Abinci. Ka tuna wa kake dafa wa, mutanen da haƙora sun tafi, wasu hawan jini wasu ciwon suga. Tuwon hatsi mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake da suka dahu luguf, kunu, wata rana dambu da zogale. A rage gishiri da magi da yaji, wanda yake so ya ƙara da kansa. Mai suga kar a kai masa hura da sukari, kuma in akwai wani ma'aikacin lafiya a cikinku ko a likitar unguwa ku roƙe shi ya duba sunayen ya faɗa muku wa zai ci me, sai a ɗaura wa kwanonsa ƙyalle mai launi don kar a musanya a hanya.

Abin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci shi ne zafin garin nan. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40 hankali kwance, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa, ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 ko ya shiga firigo. Firigo kuwa ka san halin kuran, wato wutar lantarki. Don haka a sauke a zuba a kula a fita nan take, a tsara hanya yadda gidan ƙarshe zai samu kafin awa biyun nan su cika. Miyar da ta kwana ba a kai wa tsoho, zawon da zai ba ka wahalar kwana ɗaya shi yana iya kai shi asibiti. Sannan ruwa, ɗan Damagaram ba sai an faɗa masa ba, pampo na iya yin shiru kwana da kwanaki, ku tanadi tano ko jarkoki ku yi yarjejeniya da ɗan garuwa ɗaya tun kafin bazara, kuɗin ruwan nan ku sa shi a lissafi kamar kuɗin shinkafa. Gas ya fi itace sauƙi da tsabta in kuna da hali, ga matatar mai ta SORAZ a bayanmu, amma a ajiye itace ko gawayi saboda ranar da kwalba ta ƙare ana tsakiyar girki.

Sayayya da kaka ake yi, Oktoba zuwa Disamba hatsi da wake na araha. Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne, ka auna tiya nawa kuke ci a rana za ka san buhu nawa zai kai ku wata kakar. Wake a zuba a jarka ko buhun nan mai leda biyu a ciki a ɗaure ƙam don ƙwari. Kayan miya kuma Kasuwar Dole tana nan, a samu mutum ɗaya da ake saye wurinsa kullum, zai riƙa ɗaga muku ƙafa.

Kuɗi kar su taɓa kwana a aljihunka, kai shugaba ne ba ma'aji ba. Mutum biyu su sa hannu kafin ko jaka ɗaya ta fita, komai a rubuta a kaye, ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin a tura gurup ɗin WhatsApp kowa ya gani. Ka fi neman mutum 30 masu ba da jaka-jaka duk wata a kan Alhaji ɗaya mai ba da da yawa, don ranar da kasuwarsa ta girgiza ku ma kun girgiza. Kuɗin zakka kuma a ware su daban a tambayi malami inda ya halatta su shiga. Takardu ma a yi su da wuri, dokokin ƙungiya da sunayen shugabanni a kai wa hukuma a karɓo shaidar ajiya, izinin ƙungiyoyi a Nijar ta ma'aikatar cikin gida yake bi, kuma ba banki ko babbar ƙungiya da za ta saurare ku ba takarda.

Masu aikin sa kai fa suna gajiya, ba ƙarfe ba ne. Ɗalibi zai shiga jarabawa, matar aure za ta haihu, mai kabu-kabu zai ga awa biyun nan kuɗi ne yake asara. Ku sa masa esansi ko da ba ku biya shi ba, kowace hanya ta samu mutum biyu da suka san ta, kuma kar a ɗora wa kowa fiye da kwana biyu ko uku a sati. Ka koya musu abu ɗaya da ya fi kai kwano muhimmanci: in an yi sallama ba a amsa ba, ba a ajiye kwano a tafi. A kira maƙwabta a leƙa, a kira lambar ɗan uwan da aka rubuta a kaye, a kira ka. Haka in abincin jiya na nan ba a taɓa ba, ko an ga ƙafa ta kumbura, ko mutum ya fara magana ba kan gado, a faɗa a ranar. Ranar juma'a kuma a fita da wuri kafin hanyoyin wajen fada da babban masallaci su cushe, mu tun ƙarfe 11 muke sauke tukunya.