Yadda ake karanta sakamakon tsohon zaɓen majalisar lardi a Ingila

Kafin ka duba wanda ya ci, fara gano yawan kujerun majalisar a shekarar da kake bincike, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Majalisar lardin Kent tana da kujera 84 a zaɓen 2013, amma aka sake shata mazaɓu ta koma 81 a 2017. Ka raba adadin gida biyu ka ɗauki lambar da ke sama da rabi: kujera 43 ake buƙata don rinjaye a 2013, sai 41 daga 2017. Jam'iyyar Conservative ta samu 45 a 2013, wato da ƙyar ta sha, domin jam'iyyar UKIP ta kwashe 17. Bayan shekara huɗu UKIP ko ɗaya ba ta tsira da ita ba, Conservative kuma ta haura 67. A 2025 jam'iyyar Reform UK ta kwashe 57.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗora mazaɓar 2013 a kan ta 2017 don sunansu ɗaya. Sunan na iya zama, amma an yanke unguwanni an liƙa wa maƙwabciya. Sai ka ajiye taswirar shekarun biyu gefe da gefe tukuna. Kada kuma ka nemi Medway, wani yanki na Kent, a jerin mazaɓun, tun 1998 take da majalisarta daban.

Kujera ba ita ce ƙuri'a ba. Wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauka, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, shi ya sa jam'iyya kan samu jama'a da yawa ta tashi da kujeru kaɗan. A mazaɓa mai kansila biyu kowane mutum ƙuri'a biyu yake da ita, don haka in ka tara duka za ka kumbura adadin waɗanda suka fito. Yawan takardun da aka bayar za ka duba a sanarwar jami'in zaɓe, inda aka rubuta har lalatattun ƙuri'u da dalilin soke su.

In aka yi kunnen doki, canki-canka ake yi. A lardin Northumberland a 2017 an ja tsinke a mazaɓar South Blyth tsakanin Conservative da jam'iyyar Liberal Democrat, 'yar takarar Liberal Democrat ta dace, Conservative ta tsaya a 33 cikin 67, saura kujera ɗaya ta yi rinjaye.

Lissafin da aka sanar bayan ƙirga za ka riƙe. Sauya sheƙa da zaɓen cike gurbi suna canza shi daga baya.