Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan ayon ɗin ƙarfe a cikin ruwa

Duk wanda ya taɓa jefa alif a randar ruwan rafi ya ga yadda laka ke kwantawa a ƙasa. In ka lasa alif ɗin kuma, sai ka ji bauri da ɗan tsami. Tambayi ɗalibin kimiyyar sinadarai daga ina tsamin ya fito, yawanci zai ce daga aluminiyam. Nan aka fara ɓata.

Tsamin asid daga haidirojin da ake saki (H+) yake fitowa, amma ayon ɗin aluminiyam, wato ƙwayar zarrarsa mai ɗauke da cajin lantarki, ba shi da haidirojin ko ɗaya da zai bayar. Ƙwayoyin ruwa shida ne ke kewaye shi, shi kuma da cajinsa na +3 sai ya riƙa janyo elektaron ɗin oksijin ɗinsu. Ɗaurin da ke tsakanin oksijin da haidirojin ya yi rauni, har ƙwaya ɗaya ta saki H+. Wato ruwan ne ya koma asid. Da pKa ake auna ƙarfin asid, kuma ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi; na ruwan da ke kewaye da aluminiyam kusan 5 ne, dab da 4.76 na asid ɗin ruwan khal. Wannan ya isa abin mamaki.

A zanen yadda ƙwayoyin ruwa ke kewaye ayon ɗin ma ana kuskure. Oksijin ne ke fuskantar ƙarfen, haidirojin na kallon waje.

Wasu kuma caji kaɗai suke dubawa. Caji na da tasiri, babu shakka: a ayon ɗin baƙin ƙarfe, pKa na Fe2+ yana kusan 9.5, na Fe3+ kuwa kusan 2.2. Amma Be2+ (beriliyam) da Ba2+ (bariyam) cajinsu ɗaya, sai dai na farkon ƙarami ne ƙwarai, don haka ya fi matse ruwan, ya fi sa shi tsami nesa ba kusa ba. A riƙa haɗa caji da girma.

Kada a haddace "ƙwayoyin ruwa shida" kamar karatun allo. Li+ (litiyam) da Be2+ huɗu suke riƙewa. Cu2+ (jan ƙarfe) kan ja huɗu kusa, ya bar sauran can nesa kaɗan.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar ɗan curin ruwa, wato ayon da ƙwayoyin ruwa kaɗan kewaye da shi, daidai da ruwan da ke cikin kofi. A kofi, Mg2+ (magniziyam) da ƙyar yake sa ruwa tsami, pKa ɗinsa ya haura 11. Amma a na'urar awon nauyin ƙwayoyi, inda ake rage masa ruwan ɗaya bayan ɗaya, idan suka yi kaɗan sosai curin ba ya iya ɗaukar cajin +2 ɗin. Sai ya tsage gida biyu, MgOH+ gefe guda, H3O+ gefe guda, su ture juna su rabu.