Yadda ake gano abin da ya hana ramin wayar intanet na kwamfutar tebur aiki

Jiya kwamfuta tana shiga intanet lafiya lau, yau an kunna ta sai ga alamar da ke ƙasan allo ta koma ɗan hoton duniya, ko jan X idan tsohuwar Windows 7 ce. Waya kuma tana nan a soke a baya, ba wanda ya taɓa ta. Idan ka kai wa mai gyaran da ke sauri, ɗayan biyu zai ce maka: ko dai madabod, wato babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, ya tafi, ko sai an yi fomatin, wato a goge Windows a sake ɗora ta. Sau da yawa duka biyun gaggawa ce. Ramin nan da ake kira RJ45 yana haɗe ne da wani ɗan ƙaramin cif da aka liƙa a jikin madabod, galibi na kamfanin Realtek ko Intel, wasu tsofaffin Dell da HP kuma na Broadcom. Kafin a ce cif ɗin ya mutu akwai wurare da dama da ya kamata a leƙa, kuma yawancinsu ko sukudireba ba sa buƙata.

Fara da tambayar abin da ya faru kafin ta tsaya. An yi ruwa da tsawa cikin dare? An ɗauke wuta tana cikin aiki, ko an juya daga janareta? Windows ta sabunta kanta? An matsar da tebur don shara? Amsar nan tana rage rabin aiki.

Sai ka zagaya bayan kwamfutar ka dubi ramin. Yawancinsu suna da ƙananan fitilu biyu: ɗaya tana tsayawa a kunne idan an samu haɗi, ɗaya tana ƙiftawa idan saƙo na wucewa. Launinsu ya danganta da kamfani, don haka kada ka damu da kore ne ko ruwan lemo. Abin dubawa shi ne suna ci ko ba sa ci. Idan ba sa ci, zare wayar ka sake sokawa har sai ka ji ta ce ƙas. Ɗan harshen robar nan da ke kan wayar yana yawan karyewa, kuma idan ya karye wayar takan zauna a ramin kamar ta shiga alhali ba ta kai ba. Haska ramin da tocilan waya. Za ka ga siraran ƙarafa takwas masu ruwan zinare a jere. Idan ɗaya ya lanƙwashe ko ya hau kan ɗan'uwansa, ko ƙurar hunturu ta yi kunu a ciki, ga laifin nan. Ƙura a hure ta ko a share da busasshen buroshi, kwamfuta a kashe.

Gwajin da ya fi kowane sauri shi ne ka ɗauki wannan wayar ka soka a wata kwamfutar, laftof ɗin maƙwabci ma ya isa. Idan can ma shiru, kwamfutarka ba ta da laifi: waya ce ko rauta, wato akwatin da ke raba intanet. Canja rami a jikin rautar, amma ka kula kada ka soka a wanda aka rubuta WAN, wannan na shigowar layi ne. Wani abu da ke ruɗar mutane shi ne waya tana iya lalacewa rabi. Silin da ke cikinta takwas ne. Gudun megabit 100 guda huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, shi kuwa gigabit sai duka takwas ɗin. To idan sili ɗaya daga cikin sauran huɗun ya tsinke, wata na'urar za ta haƙura ta sauko zuwa 100, wata kuma ta yi ta haɗawa tana yankewa. Tsawon waya ma yana da iyaka: mita 100 ne ƙa'ida, kuma wayar arha ba ta ma kaiwa nan.

Idan waya da rauta sun fita daga zargi, ga matakin da na fi so a yi kafin a taɓa komai a Windows, domin shi ne ya fi tayar da ramukan da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, zare ta intanet ɗin ma. Idan akwai UPS, kada ka tsaya a kashe soket na bango, daga jikin kwamfutar za ka zare. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan ka bar ta ta huta 'yan mintoci kafin ka mayar da komai.

Dalili kuwa shi ne kwamfutar tebur ba ta mutuwa ɗungurungum idan an kashe ta. Muddin wayar wuta na jiki, akwatin wutar yana ci gaba da tura bolt 5 zuwa madabod, kuma cif ɗin intanet yana cikin masu shan wannan wutar, saboda a iya tayar da kwamfuta daga nesa ta hanyar waya. Idan wuta ta yi rawa cif ɗin ya ruɗe ya maƙale, zai ci gaba da zama a maƙale ko sau nawa aka kashe aka kunna, tunda shi ba a taɓa ɗauke masa wuta ba. Ga kuma wani ƙari: tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda idan ka danna Shut down yake adana halin da direbobi, wato manhajojin da Windows ke sarrafa kayan kwamfuta da su, suke ciki ya dawo da su yadda suke, har da matsalarsu. Restart ne ke tayar da su sabo. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, ra'ayina a kashe wannan tsarin kawai. Yana cikin Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do. 'Yan daƙiƙoƙin da yake ragewa wajen tashi ba su kai wahalar da yake jawowa ba.

In har yanzu shiru, tambayar da za ta raba maka hanya ita ce: Windows tana ganin cif ɗin ko ba ta gani? Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl. Idan ka ga Ethernet ya yi toka-toka an rubuta Disabled, danna dama ka zaɓi Enable, shi ke nan. Idan ba haka ba, sake buɗe akwatin ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Network adapters. Sunan da kake nema zai yi kama da Realtek PCIe GbE Family Controller ko Intel Ethernet Connection I219-LM. Waɗanda suka fara da WAN Miniport ba su ne ba, rabu da su.

Idan babu shi sam, har a ƙarƙashin Other devices, ko kuma da ka shiga View ka zaɓi Show hidden devices sai ka gan shi dishi-dishi, to Windows yanzu ba ta jin ɗuriyarsa. Wannan ba aikin direba ba ne, BIOS za ka nufa, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da ka kunna kwamfuta ka yi ta danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, Delete kuma a yawancin waɗanda aka harhaɗa. Nemi inda aka rubuta Onboard LAN ko Integrated NIC ka tabbatar yana Enabled. Ka dubi agogon BIOS ɗin tun da kana ciki. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya, batirin madabod ya mutu, ɗan faifan nan CR2032 mai bolt 3, kuma kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su da yawa da tsohon batirinsu suke zuwa. Canja shi. Akwai kuma zaɓin mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani, yana taimakawa, amma kafin ka danna ka ɗauki hoton shafin SATA, wato saitin hard disk, da wayarka. Idan ya juye daga AHCI zuwa RAID ko akasin haka, Windows na iya ƙin tashi, ka zo gyaran intanet ka koma neman allo. Mai amfani da BitLocker, tsarin Windows na kulle hard disk, kuma ya tanadi mabuɗinsa a kusa.

Idan kuwa sunan yana nan da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa ko 'yar kibiya mai kallon ƙasa, danna shi sau biyu ka karanta lambar. Code 22 an kashe shi ne kawai. Code 28 babu direba. Code 10 da Code 43 su ne masu wuyar sha'ani, domin direba na kawo su, cif mai ciwo ma na kawo su. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawar Windows, shiga Driver ka danna Roll Back Driver. Idan maɓallin bai kunnu ba, yi Uninstall device ka sake tayar da kwamfutar, Windows za ta ɗora nata.

Wanda aka yi wa sabon fomatin yakan tarar da Ethernet Controller a ƙarƙashin Other devices, ba sunan kamfani. Shiga Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_10EC Realtek ne, VEN_8086 Intel, VEN_14E4 Broadcom. To ta yaya za a sauko da direba babu intanet? Haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering a cikin saitinta, kwamfutar za ta hau datar wayar nan take. Je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ka sa lambar da ke kan takardar jikinta, wadda Dell ke kira Service Tag. Manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, ka yi nesa da su. Tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu.

Akwai kuma mai zuwa yana tafiya, musamman bayan kwamfuta ta farka daga barci. A nan shiga Power Management ka cire alamar da ke ba Windows izinin kashe na'urar don tattalin wuta. A shafin Advanced ka kashe Energy Efficient Ethernet, da Green Ethernet idan Realtek ne. Kana iya gwada mayar da Speed & Duplex zuwa 100 Mbps Full Duplex. Idan ya zauna daram a haka, ka koma kan waya da zargi, ka canja ta, sannan ka mayar da saitin Auto Negotiation.

Wani lokaci fitilu na ci, direba lafiya, amma shafi ba ya buɗewa. Wannan rikicin adireshi ne. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfuta ta roƙi rauta lamba ba a ba ta ba, sai ta laƙaba wa kanta. Kashe rautar ka kunna, sannan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

ipconfig /release
ipconfig /renew
netsh winsock reset
netsh int ip reset

Sai ka yi Restart. Idan kwamfutar daga wani ofis aka sayo ta, duba saitin IPv4 a ncpa.cpl, ba mamaki tana ɗauke da tsayayyen adireshin tsohon wurinta. Mayar da shi kan karɓa kai tsaye. Daga nan a Command Prompt rubuta ping, umarnin da ke gwada ko na'ura za ta amsa, ka biyo shi da lambar da ipconfig ya nuna a gaban Default Gateway, wato adireshin rauta. Idan ta amsa, ramin kwamfutarka lafiyarsa ƙalau. Yi ping 8.8.8.8: idan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, idan bai amsa ba, matsalar tana gaban rauta, kuma kafin a kira kowa a duba ko data ce ta ƙare.

Idan duk an bi wannan babu labari, saura shari'ar ƙarshe. Ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja madadin Windows, a filasha ka tayar da kwamfutar daga kan filashar ba tare da ka girka ba. Idan intanet ya zo, cif na da rai, Windows ce ke da ciwo, kuma a nan ne maganar fomatin ta halatta, ko da yake gara a fara gwada Network reset da ke cikin Settings. Idan ka buɗe Terminal a cikin Ubuntu ka rubuta lspci ba ka ga layin Ethernet controller ba, alhali BIOS ya ce a kunne yake, cif ya ƙone. Da damina an fi ganin haka, domin tsawa ba sai ta faɗo kan gini ba. Waya mai tsawo da aka ja tsakanin gini biyu, ko wadda ta sauko daga eriya a kan dogon ƙarfe, tana kwaso ƙarfin ta kawo shi har ramin. Sau da yawa ramin rautar da wayar ke ciki shi ma ya tafi tare da shi, don haka ka gwada shi kafin ka amince masa.

Ƙonewar cif ba ta nufin a sayi sabon madabod. Adaftar USB mai ramin intanet tana wadatarwa. Ka nemi ta gigabit ka soka ta a ramin USB 3, mai shuɗin ciki, don USB 2 ba zai kai cikakken gudun ba. Ga kwamfutar da ke aiki wuni guda a shago ko cibiyar jarrabawa, na fi son kati na PCIe da ake sokawa a ciki, saboda ba mai tuntuɓe da shi ko ya zare shi ya tafi. Idan akwatin siriri ne irin ƙananan OptiPlex, ka tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurawa, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Bayan ka sa, koma BIOS ka kashe na jikin madabod ɗin. Sabon katin yana da tasa lambar shaida daban, wadda ake kira MAC, don haka idan a ofishinku ana tantance kwamfutoci da wannan lambar, sai ka rubuta ipconfig /all, ka kwafi abin da ke gaban Physical Address ka kai wa mai kula da netwok ya yi masa rajista.