Kurakuran da muke yi wajen gane inda wasa ya juya

A fadarmu ta unguwar Birni, kafin shayi na biyu ya tafasa an riga an yanke hukunci: "Wannan ƙwallon da aka ci ita ta juya wasa." Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi damuna. Duk ɗan Damagaram ya san katangar laka tana daɗewa tana shan ruwa ta gindi kafin ranar da za ta zube. Wasa ma haka yake.

Ɗauki wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2005 a Istanbul. AC Milan na gaban Liverpool da ci 3-0 aka tafi hutun rabin lokaci. Kowa na tuna kan da Gerrard ya sa a minti na 54, sai Smicer a 56, sai Alonso a 60, Liverpool ta rama duka ukun. Amma tun a hutun kocin Liverpool, Benitez, ya shigo da Hamann a madadin Finnan, baya ta koma mutum uku. Hamann ya toshe filin da Kaka na Milan ke yawo a ciki, Gerrard ya samu sakewa ya hau gaba. Gyaran kuskuren shi ne, in ƙwallo ta shiga, ka koma baya minti goma ka duba: tazarar da ke tsakanin ƴan baya da ƴan tsakiya ta buɗe? Wa ke tsintar ƙwallon da ta faɗo bayan an yi tsalle? Wa ya daina komawa gida da gudu?

Na biyu, ɗora wa mutum ɗaya laifi, galibi gola. Da Jamus ta zura wa Brazil huɗu tsakanin minti na 23 da na 29 a kofin duniya na 2014, tsarin duka ne ya warware: babu ɗan bayan Brazil Thiago Silva, kowa ya ruga gaba neman ramawa, tsakiya ta zama fili. Mutum goma sha ɗaya kamar igiya ɗaya suke, in ka ja nan can ma sai ya motsa.

Akwai kuma wayon bayan wasa, "ai na faɗa". Ni yanzu takarda nake ajiyewa kusa da kofin shayi, in rubuta minti da abin da na gani tun sakamako bai fito ba. Ranar Asabar ƙanena Sani ya leƙa takardar, ya ce, "Yaya, minti na 62 me ka gani?" Na nuna masa ɗan bayan hagu da ya fara dafa gwiwa.