Abin yi idan yatsu suka yi sanyi suka canza launi bayan rigakafi

Ciwon da likitoci ke kira Raynaud na matse ƙananan jijiyoyin jini na yatsu. Yatsa ya yi fari-fari, ya koma shuɗi-shuɗi, ya mutu (wato ya daina jin taɓi), daga baya ya yi ja yana zugi. A baƙar fata, a duba ƙarƙashin farce da tafin hannu. Ba kasafai ake ganinsa bayan allurar rigakafi ba. Sanyi da tashin hankali sun fi tayar da shi, musamman da hunturu.

A shiga wuri mai ɗumi, a tura hannu cikin hammata ko cikin ruwa mai ɗumi kamar zafin jiki, wajen digiri 37. Kada a kanga hannu a wuta, domin mataccen yatsa yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Yawanci jini na dawowa cikin minti 15 zuwa 20.

A bar sigari da maganin mura mai pseudoephedrine.

In launin yatsa ya yi duhu har tsawon awanni, ko ya yi gyambo, ko hannu ɗaya kawai abin ya kama, ko mutum na da sikila, a garzaya asibiti ran nan. A tafi da katin rigakafi da hoton yatsun, ma'aikata su kai rahoto.