"A", "an" da "the": inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Turancin 'yan ajin WAEC ko NECO ya san inda jan biro yake ƙarewa: kan waɗannan 'yan ƙananan kalmomi uku. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A Hausa ba dole sai an sa wata kalma gaban suna ba, shi ya sa yaro zai ɗauko "shi malami ne" ya rubuta "He is teacher". Turanci kuwa ba ya barin suna tilo da ake ƙirgawa ya fito tsirara, sai "He is a teacher".

Maganin yana bakinmu. Ka ce: "Na ga wata mota. Motar ja ce." Da farko mai saurare bai san motar ba, wannan gurbin "a" ne. Da ka maimaita, "-r" ta manne mata, kamar yadda "-n" take manne wa "yaron", domin yanzu ku biyu kun san wacce ake nufi. Wannan aikin "the" ne: "I saw a car. The car was red." In ka rikice, faɗi jimlar da Hausa a zuci, ka ji ko wutsiyar nan ta fito. Galibi za ta nuna maka hanya.

Tsakanin "a" da "an" kunne ne alƙali, ba ido ba. Wani ɗalibina ya yi ta musu da ni a kan "an university", wai ai "u" wasali ne. Na ce ya furta a hankali. Ya ce "yu", ya yi shiru, sai dariya. "A university" ne, amma "an hour", tunda ba a furta "h" ɗin.

Akwai wani kuskuren da har manya a ofisoshi suke yi: "an advice", "an information". Waɗannan ba a ƙirga su, kamar ruwa ne ko gari. Ka ce "some advice" ko "a piece of advice".

Sunayen wurare kuwa sai haddacewa. Koguna da hamada suna ɗaukar "the", tafkuna ba sa ɗauka: "the Sahara", amma "Lake Chad". In za ka Maraɗi, ka rubuta "I am going to Niger". Ka kuskura ka ƙara "the", to kogin Kwara ka nufa, don shi ake kira "the Niger" da Turanci.