Darasi na 9: Idan dinamo ya fara kuka

Duk mai tsohuwar Hilux ko Peugeot 504 bashe a Tawa ya san mota ba ta rasa ƙara. Akwai ƙarar da ake zama da ita shekara da shekaru. Wadda ke fitowa daga wajen dinamo kuwa ba a yi mata jinkiri. Dinamo, wanda wasu ke kira alternater, shi ke ba batir wuta muddin inji na aiki. In ya mutu tsakanin Tawa da Abalak, fitilu za su dusashe, batir ya ƙare, in ka kashe motar kuma ba ta sake tashi sai da turi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin cewa dinamo ya lalace a sayo wani, alhali sau da yawa bai yi laifin komai ba.

Wata safiya wani direba mai ɗaukar albasa ya shigo garaji.

"Ina kwana, Baba? Dinamo na zo a canja. Tun Ƙonni yake min kuka."

"Lafiya lau, ɗana. Wane irin kuka? Yaushe yake yin shi?"

"Da sanyin safiya, da zarar na tada ta. Da dare ma in na kunna fitila."

"To riƙe kuɗinka tukuna. Buɗe kapo, ka miƙo min butar nan."

Maigidan garajin ya ɗiga ruwa kaɗan bisa kuruwa, wato bel, inji na aiki. Kukan ya ɗauke ɗif, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ashe kuruwar ce ta saki tana sulɓi.

Kuruwa ita ce bel ɗin roba mai juya pulin dinamo. Kukanta siriri ne mai tsini, kamar na ɗan tsako. Yana ƙaruwa idan aka kunna fitilu, domin a lokacin dinamo ya fi nauyin juyawa. Kashe inji, ka danna kuruwar da babban yatsa a tsakiyar puli biyu. In ta lotsa kamar santimita 1, daidai take. In ta wuce haka sosai, ta saki. Duba cikinta kuma. Wadda ta tsattsage, ko ta yi santsi tana ƙyalli, ko mai ya jiƙa ta, ɗaurewa ba ta gyara ta, sai sabuwa. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a nan, yana busar da roba da wuri.

Sai dai a kula da wani kuskure da yaran garaji ke yawan yi. Don kukan ya tsaya, sai su sa ƙarfe su banƙare dinamo, kuruwa ta yi tauri kamar tsirkiyar baka. Kukan zai tsaya, gaskiya ne. Amma wannan jan yana cinye rulma, kuma aikin rulma ya fi na kuruwa tsada.

Rulma, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira boris, ita ce zobe mai ƴan ƙwallayen ƙarfe da sandar dinamo ke juyawa a ciki. Biyu ne, ɗaya gaba, ɗaya baya. Ƙurar hunturu da ta hanyar laterit tana shiga, giris ya bushe, ƙwallayen su fara cin juna. Ƙarar rulma ba ta kama da ta kuruwa. Gurnani ne, kamar ana niƙa tsakuwa, yana hawa in ka taka totur, yana sauka in ka saki, kuma ruwa ba ya sa shi shiru.

Ga yadda ake saurarenta. Kafin komai, tuɓe rawani, naɗe hannun riga, cire carbi daga wuya. Farfela da kuruwa in suka kama tufa ba sa saki. Ɗauki dogon turnabis, ɗora bakinsa bisa jikin dinamo inda ba ya juyawa, ka kara kunnenka ga ƙotar. Lafiyayyen dinamo shuuu kawai za ka ji, sumul. Mai matacciyar rulma kuwa gurnanin zai cika maka kunne. Kada ka tsaya nan. Ɗora turnabis ɗin bisa famfon ruwa ma, domin shi ma yana da rulma, suna kusa da juna, kuma kukansu iri ɗaya ne.

In har yanzu kana shakka, kashe inji, sassauta dinamo, zare kuruwar. Juya pulin da hannu. Ya kamata ya juya lumui, ba kaushi, ba tsayawa. Girgiza shi sama da ƙasa: in yana motsi, rulma ta tafi. Kana iya tada injin ba kuruwa don ka ji ko ƙarar ta ɓace, amma kada ya wuce minti 1, domin a yawancin tsofaffin motoci kuruwar nan ita ke juya famfon ruwa, inji kuma zai yi zafi.

Ƙwanƙwasa kaf-kaf-kaf sau da yawa noti ne ya kwance a ƙafar dinamo. Ɗaure shi.

Akwai kuma kukan wuta, siriri kamar na sauro, wanda ke canjawa in ka kunna fitila ko ka kashe, har a rediyo ana jin shi. Wannan diyodi ne, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya ƙone a cikin dinamo. A nan karatun lamba ke amfani. Sa mitar awon wuta a kan kawunan batir. Inji a kashe, cikakken batir yana nuna wajen volt 12,6. Inji na aiki, lambar ta kasance tsakanin 13,5 da 14,5. In ta tsaya a 12, dinamo ba ya caji. In ta haura 15, regilater, mai daidaita ƙarfin wutar dinamo, ya lalace, zai dafa batir. Kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don gwaji, wannan dabarar tana ƙona diyodi.

Mai tsohuwar Hilux ta gazuwal, irin mai inji 2L ko 3L, ya ƙara lura da abu guda. A bayan dinamonta akwai ƙaramin famfo mai zuƙe iska don birki, kuma man inji ke shiga cikinsa. In ka ga dinamo ya jiƙe da baƙin mai, ko birki ya yi tauri a ƙafa, a duba famfon nan kafin motar ta sake hawa hanya.

In za a sauke dinamo, fara cire kan batir mai alamar ragi. Da aka fitar da tsohuwar rulma, goge gefenta da tsumma, za ka ga lamba, misali 6203 ko 6303. Rubuta ta a littafinka, ka karanta ta da ƙarfi ga na kusa da kai. Ka tafi kanti da lambar da tsohuwar rulmar duka, ka dubi lambar sabuwar da idonka kafin ka biya.